Tsagewar Bangon Ɗakina

Daren Laraba, Yakasai

Na kasa barci. Hadari ya sake haɗowa, ga rabin katangar da ta raba mu da gidan Malam Habu a kwance tun ruwan shekaranjiya. Rabin da ya rage shi ne bangon ɗakina, kuma tsagewar da ke jikinsa yau har yatsana ya shige.

Bayan la'asar Baba da Malam Habu suka tsaya a kan ɓaraguzan, ni ina laɓe a bayan labule. Baba ya ce a raba kuɗin gyaran biyu, magini ya sake gina katangar da ƙasa. Malam Habu ya ce, "Haba Alhaji, indararonka ne fa yake zuba a gindinta shekara da shekaru. In zan sa sisina, bulo da siminti za a yi."

Baba ya ce, "To jira ni in sayar da hulata tukuna."

Suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba, aka bar maganar sai Juma'a a gaban mai unguwa. Na so in fito in nuna musu tsagewar, wallahi ƙafata ta ƙi.

Juma'a! Wa ya ce ruwa zai jira Juma'a?

A littafin da nake karantawa, in ana ruwa jarumar takan zauna bakin taga tana tunanin masoyinta. Ni kuwa ƙasa ce ke zubo min a kan shafi.

An fara yayyafi. Bari in ja filona zuwa ɗakin Umma. In Allah ya kai mu gobe, ko bakina ya ƙi buɗewa, zan kamo hannun Baba in sa yatsansa a cikin tsagewar.