Kujerar Bayan Direba

Unguwar Ofisoshin Jakadanci, Riyad
Ranar Litinin

Zuwa ga Goggo Delou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ciwon bayan, ya mutanen gida, ya Kamila da karatu? Mu nan sai godiyar Allah. Na san ba ki son saƙon murya, kin ce ba a ajiye shi a ƙarƙashin matashi, shi ya sa na zauna na rubuta. Abdou mai komawa Damagaram zai kawo, Kamila ta karanta miki.

Inna ta gama Umara lafiya, ta iso Riyad don ta ɗan zauna da mu kafin ta koma. Matar gidan da nake wa girki ta yarda ta sauka a ɗakina, har ta ba ta bargo sabo.

Ranar Juma'a Yaya Maulud ya zo daga unguwar Utaiƙa da kaji da lemo niƙi-niƙi. Goggo, kin san halin ƙanwarki da ɗan farinta. Tana jin sallamarsa ta ja mayafi, ta amsa gaisuwar tana kallon firji. Yana zaune a gabanta ta tambaye ni ko ɗan Delou yana cin abinci sosai. Na ce mata ga shi nan, ai yana da baki. Hararar da na sha har yanzu ban warke ba. Ke kika ɗauke shi tun yaye, ke ke kiran sunansa ki yi masa faɗa, ita kuwa tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ko watan Maulud ma sai dai ta ce watan haihuwar Manzo.

A ɗaki Yaya dariya ya yi ta yi. Da na raka shi bakin ƙofa sai ya ce mini shekaru da yawa bai gan ta ba, ya zaci tsufa zai rage kunyar. Ya ba ni tausayi. Ta kusa komawa, kuma ba wanda ya san ranar da za su sake haɗuwa.

Kin tambayi aikinsa. Bas yake tuƙawa a wani babban wurin wasa da ke bayan gari, gindin duwatsu. Wurin ya kai gari guda, da liluka masu taɓo sama, da ƙananan jirage masu hawa su faɗo mutane na ihu, da otal-otal. Basa-basan kyauta ne, suna kwasar mutane daga babbar tasha su kai su ƙofa, su zaga otal-otal su dawo. Mudirinsa, wato shugabansa a wurin aiki, ya hana shi hutu saboda lokacin baƙi ne, amma ya samo mana takardar shiga ta ranar Alhamis. Ya ce mu je tasha mu hau bas.

Ni dai ban ce masa komai ba, amma ba zan tsayar da tsohuwa mai ciwon gwiwa a layi cikin rana ba. Mota zan kira ta waya, irin wadda kana latsawa ta zo inda kake, ta sauke mu a bakin ƙofa. Wannan fannin kam na fi shi sani.

A gaida kowa da kowa.

Taki,
Rahina

Riyad
Ranar Asabar

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, da yara duka. Abdou bai tafi ba tukuna, shi ya sa na ƙara wannan a kan ta farko.

Mun je, kuma na yi ɓarna. Motar ta zo kafin Inna ta gama ɗaura ɗankwali, wani saurayi Balarabe ne mai ladabi, mota sai ƙamshi. Muna wuce babbar tasha na ga Inna ta juya tana kallon basa-basan har wuyanta ya ƙare. Ta tambaye ni ba a nan ake sauka ba. Na ce wannan na masu haƙuri ne, mu namu mai sauri ne. Ina ta jin daɗin kaina.

A ciki ba abin da ya burge ta. Ta kalli masu lilo ta ce a garinmu sai an biya mutum kafin ya yarda a wulla shi haka. Na saya mata ayis-kirim, ya narke a hannunta. Ta nemi benci mai kallon hanya ta zauna, duk bas ɗin da ya tsaya sai ta ɗaga kai, ta sake sunkuyarwa. Ni da ƙaton kaina na zaci gajiya ce, na sake kiran mota muka koma gida tun kafin magariba.

Washegari Yaya ya kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce tun azahar ya ɗora hularsa a kujerar da ke bayan direba don kada kowa ya zauna, duk zagayen da ya yi yana duba layi. Har wani fasinja ya yi masa magana a kan hular. Ya ce ba komai, wataƙila Inna ce ba ta so. Na rantse masa laifina ne, amma na ji a muryarsa bai yarda ba.

Goggo, ni ce ta ƙarshe, a cinyar Inna na girma, ina cin abinci a kwanonta. Ban taɓa tunanin yadda mutum zai rasa hanyar zama kusa da uwarsa ba. Raina a ɓace yake. Jirginta ranar Laraba ne.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Rahina

Riyad
Ranar Talata

Goggo tawa,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya gida, ya kowa? Wannan Inna ce za ta kawo miki, don Allah kada Kamila ta karanta a gabanta.

Jiya da hantsi ina yanka albasa Inna ta ce ta ji an ce basa-basan can akwai sanyi mai kyau, tana so ta gani da idonta. Na ce takardar shigarmu ta ƙare. Ta ce ita ta yi maganar shiga? Nan na ajiye wuƙa na je na roƙi matar gida rabin yini.

Na kira motar waya, amma wannan karon tasha na sa ta kai mu. Akwai layi, akwai rana, kamar yadda na faɗa tun farko. Bas ya zo na kama hannunta, ta ce gwiwa ba ta shirya ba. Wani bas ya zo, ta leƙa wajen direba ta ce wannan ya cika, alhali kujeru sun fi mutane yawa. Sai ga wani ya shawo kwana, Yaya a ciki da rigar aiki. Gwiwa ta warke nan take, har ta riga ni hawa.

Ba hula a kujerar, don bai san da zuwanmu ba. Wata 'yar Filifin ce zaune a gefen taga, Inna ta zauna kusa da ita, daidai bayansa. Ni na samu wuri a ɗaya gefen. Ya gan mu a madubi, ya gaishe ta a hankali, ta amsa wa taga. Ya ja mota.

Muka iso ƙofar wurin wasa, mutane suka sauka, Inna ba ta motsa ba. Muka zaga otal-otal muka dawo tasha, ba ta motsa ba. Muka sake tafiya. A nan ne na gane abin da motar waya ba za ta taɓa ba ta ba. A ɗaki dole ta kawar da kai, don yana fuskantarta. A bas kuwa bayansa ya ba ta, idonsa na kan hanya, ba mai cewa ta yi rashin kunya. Ta kalle shi son ranta, Goggo. Ta kalli ƙeyarsa, da furfurar da ta fara fito masa a bayan kunne, da hannayensa a kan sitiyari. Da ya tsaya ya tashi ya saukar da matakala don wani tsoho mai keken guragu, ta bi shi da ido har ya dawo ya zauna.

'Yar Filifin ɗin ma'aikaciyar otal ce, ta sauka a zagayen farko, sai wata Balarabiya mai jariri ta maye wurinta. Inna ta yi wa jaririn wasa, matar ta yi murmushi. Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, Inna ma ta san haka. Wajen la'asar, mun biyo gindin duwatsu mota ta yi shiru, sai na ji Inna ta karkata tana yi wa matar magana, da murya wadda ta fi ƙarfin kunnen mutum ɗaya. Ta ce mata direban nan da take gani, ita ta haife shi. Ta ce shi ne na fari, ranar da aka ɗauke shi zuwa gidan yayarta ba ta yi kuka a gaban mutane ba, sai da ta shiga bayan rumbu. Ta ce yana da kirki, yana tuƙi da hankali, Allah ya yi masa albarka. Matar ta yi ta gyaɗa kai tana cewa masha Allah.

Na kalli madubi. Yaya bai juyo ba. Ya dai rage gudu, ya share fuska da hannun riga, ya ci gaba da tuƙi. Ni kuwa na ɓoye fuskata a mayafi.

Ba mu sauka ba sai da aka canje shi. Da za ta sauka ta ajiye ƙullin dakuwa a gefen kujerarsa, ta ce mini in gaya wa ɗan Delou kada ya cinye a rana ɗaya. Na buɗe baki zan ce ga shi nan, sai na fasa. Shi ya amsa da kansa, ya ce ya ji.

Gobe shi zai kai ta filin jirgi, ya ari motar abokinsa. Ta riga ta ce a baya za ta zauna.

Ki huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

'Yarki,
Rahina