Batirin da Ya Kama da Wuta a Aljihun Baba

Dudunni, Kusada.

Zuwa ga Yayana Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, tare da addu'ar takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Fauziyya da ɗana Ahmad. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nemanka, ya tsare ku a Fatakwal. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara. An gama sharar gona, an kai taki, ido na sama ana jiran ruwa. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Yaya Sa'a ta zo daga Boko ta kwana biyu ta koma, jar akuyarka kuma ta haihu. Ni ma an ba mu hutu, ina gida.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Jaji direba alhali ga waya. Wayar gidan nan ta Inna ce, a tsakar gida ake amsa ta, kowa na ji. Ko da ma ni kaɗai ce, bakina ba zai ɗauki maganar ba. Yanzu haka ina rubutu ina jin nauyinka kamar kana tsaye a kaina. Ka yi haƙuri da ni, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maganar a kan sigarin lantarkin da ka aiko wa Baba ne da ƙaramar salla. Ka san yadda gidanmu yake: kowa ya san abin da ke kai Baba bayan rumbu idan ya ce zai duba dabbobi, amma ba wanda ya taɓa furtawa. Na gane tarinsa ne ya dame ka, kana so ya rabu da karan sigari. Sai dai kai ɗan fari ne. Baba ba ya kiran sunanka, kai ma ba ka iya haɗa ido da shi, balle ku zauna ku yi maganar taba. Shi ya sa ka naɗe abin cikin shadda tare da turare, ka aiko ba bayani. Shi kuma ba zai iya tambayarka ba, ba zai iya tambayar kowa ba, don tambayar kanta tonon asiri ce. Sai ya zauna shi kaɗai ya laluba har ya gane yadda ake kunna shi.

Ashe wanda ka saya irin mai hayaƙi da yawa ne, mai cin wuta, batirinsa ba ya daɗewa. Ka san halin wutarmu a nan. Sai Baba ya riƙa cire baturan nan biyu yana kai wa mai cajin waya a Kusada, yana cewa na tocila ne. Da ya ga teburin cike da kayan mutane, ya ji tsoron a musanya masa, sai ya sa wuƙa ya yi wa kowanne shaida, irin zanen da yake yi a ƙotar fartanyarsa don kada ta ɓace a gayya. Wuƙar ta ratsa ledar da ke jikin batirin har ƙarfe ya fito. Ɗan akwatin robar da suka zo ciki kuwa ya ɗauka kwalin banza ne, ya ba Inna, ta zuba allurai da maɓallai. Baturan suka koma aljihun riga, tare da makullin babur da abin yanke farce.

Ranar da abin ya faru ina makaranta. Mijin Yaya Sa'a, Ɗahiru, yana wurin, daga bakinsa muka ji. Baba ya je ta'aziyyar Alhaji Bubayero a Mawashi da rana tsaka. Ya ajiye babur, ya jefa makulli a aljihu, ya zauna cikin dattawa. Liman na cikin addu'a sai aka ji huci, mutane suka zabura suna neman maciji a ƙarƙashin tabarma. Kafin a ankara wuta ta fito daga aljihun Baba. Ya tuɓe riga ya yar, wando ma ya kama, dole ya cire shi a gaban jama'a ana watsa masa ruwan buta. Sigarin ya faɗo ƙasa, wani saurayi ya ɗauka yana bayyana wa kowa ko mene ne da babbar murya. Kawu Sadisu ne ya cire babbar rigarsa ya rufa masa, Allah ya saka masa. Amma ka san taubashi, hannu na rufawa baki na tonawa: wai ya ce mutane sukan kawo gero wajen ta'aziyya, shi ɗan'uwansa wuta ya kawo don a dafa. Aka yi dariya a gidan mutuwa, Yaya. Baba aka yi wa.

An kai shi asibiti, cinya ce ta ƙone, kuma alhamdu lillahi tana warkewa. Abin da bai warke ba shi ne fita. Yana zuwa gona da ƙafarsa, amma masallaci da majalisa sai ya ce ciwo. Ni ma da na dawo hutu na je ɗibar ruwa, wata ta tambaye ni ko Babanmu ya cika caji yau, sauran suka ƙyalƙyale. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɗauki bokitina ko rabi bai yi ba na dawo.

Ina zaton magana ta wuce, sai ranar da nake share ɗakin Baba na ɗaga matashi na ga ɗaya batirin, da irin wancan zanen na wuƙa, kwance kusa da makullin sito. Washegari da aka aike ni Kankia sayen bandeji, na biya gidan Malama Sumaiya, mai koya mana kimiyya. Na fara kewaye-kewaye da zancen tocila, sai ta ce in zauna, labarin ya riga ni isowa. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina har ta gama bayani.

Ta ce wannan batirin ba irin na rediyo ba ne. Ƙarfin da ke cikinsa mai yawa ne, kuma a shirye yake ya fita gaba ɗaya idan ya sami hanya. Duk jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin ledar ɓangare ɗaya ne na wutar, kan batirin shi ne ɗaya ɓangaren, ledar nan ce katangar da ke tsakaninsu. Idan ta yage, makulli ko wani ƙarfe ya haɗa su, nan take zai yi zafi ya fashe. Ko ledar lafiya lau take, ba a sa shi tsirara a aljihu, wurinsa akwatin roba. Ta ce ba a caja shi da kowace caja, yana da tasa wadda ke tsayawa idan ya cika, kuma mai cajin waya da ke maƙala masa wayoyin wuta biyu tsirara wasa yake da ransa. Ba a cajinsa a kan katifa ko ƙarƙashin matashi, ba a tafiya a bar shi, ba a barinsa a rana ko cikin akwatin babur. In ya lotsa, ko ya kumbura, ko ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, aikinsa ya ƙare. Ta gargaɗe ni da waɗanda ake cirowa daga tsofaffin kwamfutoci ana sayarwa a kasuwa, ta ce ba za su iya da irin wannan sigarin ba. A ƙarshe ta ce kada in ɗauka abin magani ne, shi ma yana da illarsa, mafi alheri Baba ya rabu da duka biyun. Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Da na dawo na sami Inna a madafa na faɗa mata. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan kalmar taba ba ta taɓa shiga tsakaninta da Malam ba, ba kuma da furfura za ta fara ba. Na ce to ni zan faɗa. Na ɗauki tuwonsa na shiga, na durƙusa, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne wai ko gishiri ya ji. Ya ce ya ji. Na fito na zauna a bayan ɗaki na yi kuka don haushin kaina.

Da safe da ya tafi gona na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗauki kayan mahaifina ba izini. Malama ta hana a jefa batirin a bola saboda ana cinna mata wuta, don haka na binne shi cikin yashi a tsohuwar tukunyar ƙasa, a inuwa, nesa da rumbu, har in koma makaranta in kai mata. Na juye alluran Inna a gwangwani, na ajiye akwatin robar a inda batirin yake.

Bayan la'asar ya aika a kira ni. Na shiga na durƙusa. Bai dube ni ba, bango yake kallo. Ya tambaya me makaranta ta ce a kan abin da na ɗauka. Na faɗa masa duk abin da na ji, kaina a ƙasa. Da na zo kan zanen wuƙa sai ya ce ashe da hannunsa ya buɗe wa wutar ƙofa. Ya ce tun da abin ya zo bai sa kara a bakinsa ba, har ya fara kwana ba tari, kuma ba ya so na Fatakwal ya ji labari a bakin duniya ya ɗauka kyautarsa ce ta cuce shi. Ya ce in rubuta. Bai faɗi me zan rubuta ba, ya dai ce in rubuta, sannan ya sallame ni.

To ga shi na rubuta, Yaya. Yanzu sigarin na nan ba batir, Baba kuma ya kasa zaune ya kasa tsaye, abin da bai kai ya kawo ba sai ya yi faɗa. Jiya na hango shi ya tsaya kusa da mai teburin sayar da taba, ya daɗe, sannan ya sayi goro ya juyo. Ban san iya kwanakin da zai jure ba. Don Allah idan Jaji zai dawo ka ba shi sababbin batura iri ɗaya daga wurin da ka amince da shi, da cajarsu ta asali wadda solar Inna, mai caji da hasken rana, za ta iya ɗauka. Kuma ka kira shi. Ko gaisuwa kawai ce, ka tambayi ƙafar, zai gane sauran. Wataƙila wata rana kai ne za ka iya ce masa ya ajiye duka.

Ka gaishe da Anti Fauziyya da kyau, ka shafa mini kan Ahmad. Yaya Sa'a da Ɗahiru suna gaishe ku, haka ƙanwarmu Halimatu Sa'adiya da kakarmu Dada, wadda ke ta tambayar yaushe za ku zo. Kawu Sadisu ya ce a gaya maka har yau ba a mayar masa da rigarsa ba.

Na damu da wa zai kula da cajin idan na koma makaranta, na faɗi haka a madafa kamar ina magana da kaina. Inna ba ta ɗago daga tukunya ba. Ta ce in cajar ta iso in nuna mata yadda fitilarta ke canzawa idan batirin ya cika, ita ba ta taɓa ɗora abu a wuta ta tafi ta bar shi ba.

Taka ƙanwa mai ƙaunarka,
Kamila.