Karnukan da Suka Ja Ni a Kan Ƙanƙara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga ɗanka Salisu na unguwar Sheshe, zuwa ga mahaifina kuma malamina. Gaisuwa mai yawa da girmamawa da neman gafara. Bayan haka, Baba, na san takarda ba ta isa inda kake. Na rasa wanda zan yi wa maganar nan a cikin birni bai yi mini dariya ba, shi ya sa na jawo tawada.

Jikanka da na sa wa sunanka, wanda muke kira Abba, ya zo ya durƙusa a gabana. Baturen da yake yi wa aikin sayen fata zai koma ƙasarsu, yana so ya tafi da shi, ya koya wa 'yan'uwansa Hausa kafin a turo su nan. Abba ya ce ba zai ɗaga ƙafa ba sai da yardata. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Shi kaɗai ya rage mini cikin 'ya'yana maza, ga shi tafiyar ta matso.

Ni ma haka na durƙusa a gabanka lokacin da wani Baturen Jamus ya zo neman mai karatu da zai koyar da Hausa a ƙasarsu, ta hannun Larabawan da muke maƙwabtaka da su. Ka daɗe kana jan carbi, sannan ka ce, "Je ka, amma ka buɗe ido da kyau, don ni ma ina so in gani." Ka rasu ina can. Ban taɓa ba ka labarin abin da na gano ba, kuma shi ne yau ya riƙe mini harshe.

Da sanyi ya kama aka rufe makarantar da nake koyarwa, sai Baturen da matarsa suka ce za su tafi hutu, suka tafi da ni. Har yau ban gane wannan hutu ba, Baba. Mutum ya bar ɗakinsa mai wuta ya nufi inda sanyi ya fi tsanani, da gangan, yana murna. Muka tsallaka wata ƙasa ta maƙwabta, muka hau jirgin ƙasa wanda yake shiga cikin dutse kamar gafiya, yana hawa, har kunnuwana suka toshe. Da muka fito ban ga ƙasa ba, ban ga itace ba. Ko'ina fari fat, kamar an shanya duk audugar duniya an manta ba a kwashe ba. Dala da Goron Dutse, in aka kai su can, ba za a san an ajiye wani abu ba.

A nan na ga karnukan. Gashinsu kamar na tumakin Buzaye, wasu idanunsu kamar an ɗiga shuni a ruwa. Mai kula da su wani gajere ne mai jan gemu, shi ne ɗan jagora. Ya jawo wani abu kamar gadon katako wanda aka kwantar a kan dogayen sanduna biyu masu santsi, ba shi da ƙafar juyawa ko ɗaya. Baturena ya ce in hau. Na ce masa ni ɗan malamai ne, raƙumi na sani da doki da jaki. Ya yi dariya ya ce, "Malam, nan ko sarkinku ne sai dai kare."

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kukansu. Na ɗauka kukan ƙin aiki ne. Ashe duk wanda ɗan jagoran ya nufa da igiya sai ya yi tsalle yana cusa kansa ciki da kansa, waɗanda aka bari a ɗaure kuwa su ne suke kuka kamar an yi musu mutuwa. Ka taɓa ganin jakin da ya yi kuka don an hana shi kaya?

Na biyu, babu linzami. Na duba hannun mutumin nan, ba ragama, ba sanda. Ya tsaya a bayana a kan sandunan, ya faɗi wata gajeruwar kalma, sai duk hayaniyar nan ta ɗauke kamar an rufe tukunya. Ba ka jin komai sai numfashinsu da sautin katako a kan ƙanƙara, irin na almakashi a cikin sabon yadi. Iska ta yanke mini fuska, hawayena suka daskare a gemu. Na yi ta salati, kuma ba zan ɓoye maka ba, a tsakiyar salatin na ji ina dariya.

Wadda take gaba ba ita ce babbarsu ba. Wata 'yar ƙaramar karya ce mai yagaggen kunne, manyan ƙarti suna bayanta. In ɗan jagoran ya yi magana sai ta karkata dama ko hagu, sauran su bi. A wani wuri ya ba ta umarni ta ƙi, ta yi kwana ta wani gefen, shi kuma bai tsawata mata ba. Daga baya Baturen ya fassara mini cewa akwai rami a rufe a wurin, ita ta ji shi a ƙafarta. Wa ya koya mata inda za ta bi magana da inda za ta ƙi? Na tambaya, ɗan jagoran ya ɗaga kafaɗa kawai ya ci gaba da duba tafin ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, kafin shi kansa ya sa komai a baki.

Muna can azahar ta yi. Ruwan butata ya zama dutse, ba wuta, ba ƙasa. Sai na tuna ranar da kake karantar da mu babin taimama a zaure, ka zo inda aka ce ana iya yin ta a kan ƙanƙara. Ɗaya daga cikinmu ya ce, "Malam, ƙanƙarar da kafin ka tsince ta ta narke?" Muka fashe da dariya. Kai ba ka yi ba. Ka ce, "Waɗanda suka rubuta sun ga abin da ba mu gani ba." Baba, na buga tafina a kanta, na shafa fuska. Na yi sallar nan haƙorana suna karo, ina jin kamar kana tsaye a gefena kana leƙe.

Da na yi sallama sai karyar nan ta zo ta ɗora kanta a cinyata. Ban kore ta ba. Kai ka koya mana cewa a mazhabarmu jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ga shi kuma ɗuminta ya fi na bargon da aka ba ni. A daidai nan matar Baturen ta kafa akwatinta ta ɗauki hoto.

Wannan hoton na kawo cikin tsaraba. Ka san al'adarmu, matafiyi ba ya dawowa hannu sake, kuma ba ya hana masu sannu da zuwa labari. Zaurenka ya cika da masu barka da masu ta'aziyya. Na raba turare da madubai, sannan na fito da shi ina zumuɗi, ina so in yi musu bayanin taimama. Ba wanda ya tsaya jin wannan. Ilu mai turare ya ce in ara masa ya nuna a gida. Kafin ya dawo mini da shi ya zaga Kasuwar Kurmi rumfa rumfa, duk ya yi baƙi da yatsu: ɗan Malam da rawani, kare a cinya.

"Malam Na-karnuka, yau ba a ɗaura maka sirdi ba?" Haka dukawa suke ce mini in na wuce. Wani dattijo da kai ka karantar da shi ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Salisu, ko ka wanke rigar nan sau bakwai, mu dai ba za mu bi ka salla ba." Na kawo masa hujja daga littattafanka. Ya ce hujjar ya ji ta, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Aka ba wani limancin. Iyaye suka janye ɗalibai ɗaya ɗaya, kowa da uzurinsa. Da babban yaƙin Turawa ya tashi, masu mulkinmu suka tuna na zauna da abokan gabarsu, suka yi ta kirana suna tambaya, duk wani aikin malanta kuma suka rufe mini ƙofarsa. Baturen da na ba shi Hausata kaf, kalma kalma, bai sake aiko mini ko gaisuwa ba. Yanzu huluna nake ɗinkawa a zauren da ka cika da karatu. Na daina bi ta Kurmi, zagaye nake yi.

Wannan duka na shirya faɗa wa Abba. Na buɗe baki ke nan sai na dubi fuskarsa, na ga ƙafarsa tana rawa a kan tabarma, ya kasa zama sosai. Na san wannan rawar, na gan ta a kan dutsen nan lokacin da aka nufo karnukan da igiya. Ban san wane ne zai tsaya a bayansa ba, mai duba tafin ƙafa ne ko irin Baturena. Wannan yake tsorata ni.

Amma na tambayi kaina, a ce yau za a mayar mini da limanci da ɗalibai, a cire mini wannan yinin daga rai, zan yarda? Na yi ta juya shi ina ɗinki, har na soki yatsana. Ba zan yarda ba, Baba. Na ji haushin mutanen garin nan har ya zama mini ciwo, amma ban taɓa jin haushin ranar nan ba.

Saboda haka zan kira Abba in sa masa albarka. Ba zan ce ya ɓoye abin da zai gano ba. Ranar tafiya kuma ni zan raka shi tashar jirgi da ƙafata, ta tsakiyar kasuwa, rana tsaka. Duk mai abin faɗa ya faɗa mini ni, ya gama da shi a kaina, kafin yaron ya dawo.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata shi, Ya saka maka da alherin abin da ka koya mana, wanda muka gani da wanda ba mu gani ba. Allah Ya kai takwaranka lafiya, Ya haɗa shi da mutanen kirki, Ya dawo mini da shi ina da sauran kunnen saurare. Amin.

Ɗanka mai kewarka,
Salisu