Man Shanun Gwaggo Indo

Litinin, 6 Nuwamba 2023
An sallamo Baba daga asibiti. Hannun hagu bai dawo daidai ba, baki ya ɗan karkace. Likita ta ce tansiyo ce, wato hawan jini, ga kitse ya cushe masa jijiyoyin jini. Ban da man shanu, ban da kitsen nama, ban da suyar man da ya sha wuta har ya yi baƙi. Man gyada kaɗan. Kifi kuwa ya ci, nasa maiƙon ba ya cutarwa. Ta ce in ya sake faɗuwa ba lalle ya tashi ba. Ni ta kalla da ta faɗi haka, don ni ke girki tun rasuwar Inna.

Laraba, 8 Nuwamba
Gwaggo Indo, yayar Baba, ta iso daga Baroua da ƙatuwar kwalbar man shanu. Wai na Fulanin Foulatari ne, ba gauraye. Ko marfin ba a buɗe ba, ɗaki ya ɗauki warinsa.

A gidanmu ba a tukunya ake sa shi ba. A gaban mai ci ake tsiyaya masa, kuma ba a ɗaga hannu sai ya ce ya isa. Baba kuwa yanzu kafin ya haɗa kalma ɗaya an jima. Ta yi ta tsiyaya tana jiran ya tsayar da ita, shi yana ta kokawa da harshe, ita kuma tana murna wai ƙaninta bai ƙoshi ba. Tuwo ya nutse. Na fizge kwanon.

"Ke Karima, majinyaci ba maiƙo da mi zai tashi?" in ji ta.

Alhamis, 9 Nuwamba
Man ya daskare a kwanon jiya, kamar an narka kyandir a ciki. Sai da ruwan zafi ya fita. Irinsa ne a jijiyar Baba. Na kasa cin abincin rana.

Lahadi, 12 Nuwamba
Gwaggo ta gaya wa maƙwabta ina ba ubana abincin 'yan kaso. Da la'asar na same ta tana tura masa kitsen tsire a baki, maiƙo yana gangaro masa ta gefen da ba ya ji. Na yi mata faɗan da ban taɓa yi wa babba ba. Na kulle kwalbar a ɗakina. Ba ma magana.

Alhamis, 16 Nuwamba
Baba ya ƙi abincina. Dafaffen kifin karfasa, tattasai, ɗan man gyada. Loma biyu ya kawar da kai. Wuyansa ya zurma, riga tana masa yawa. Na ɗanɗana miyar, to, ba laifi. Ba daɗi kuma.

Haushin kowa nake ji. Na Gwaggo, na likitar da ba ita ke riƙe cokali ba, har nasa.

Asabar, 18 Nuwamba
Baba bai ci komai ba sai koko. Na ji Gwaggo tana kuka a bayan ɗaki, wai ita ta goye shi yana yaro, ba ta san wata hanyar ciyar da shi ba.

Talata, 21 Nuwamba
Ranar kasuwa, na samo kifi ɗanye mai kyau na kogin Komadugu. Miyar dai irin ta kullum ce, ban ƙara komai a ciki ba. Bayan cokali kawai na tsoma a kwalbar na shafa a bakin kwano, saboda ƙamshi. Wannan ai ba ci ba ne. Baba ya shinshina, ya kalle ni, ya buɗe baki da kansa. Ya cinye saura kaɗan.

Gwaggo tana daga ƙofa, hancinta ba ya kuskure. Ta ce yau miyar ta yi hankali.

Har yanzu ba na son warin man. Jibi za ta koma gida. Na ce ta bar kwalbar, za ta yi mata nauyi a mota.