Katin Ikhlas

Assaga

Zuwa ga ƙanena Isma'ila,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da Maryamu da yara. Tattasai ya yi kyau bana, mun gode Allah.

Ciwon 'yata Nazifa ya sake tashi. Tun da sanyi ya sauko bakin kogin Komadugu ƙafafunta suka hana ta barci. Likitanmu ya ce sikila ce, sai an riƙa duba ta a Diffa. Na ji ƙungiyar da kake tuƙa wa mota ta yi muku asurans, wato inshorar lafiya, kati kawai ake nunawa a kilinik. Ita da 'yarka Ikhlas sa'anni ne, ga kama. Ara mini katin Ikhlas. Wa zai gane?

Yayarka, Hawa

Diffa

Yaya Hawa,

Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Nazifa lafiya.

Ki yi haƙuri, katin ba zan ba ki ba. Jininsu ba iri ɗaya ba ne. In aka zo ƙara mata jini aka bi abin da ke rubuce da sunan Ikhlas, mu muka cuce ta.

Amma na je wajen Madam Joséphine, mai kula da asurans a ofishinmu. Ta ce kamfanin ba ya ɗaukar 'yar 'yar'uwa, sai dai 'yar riƙo, in kotu ta ba da takarda kuma yarinyar na zaune gidana. Ban gama faɗa wa Maryamu ba ta ce a kawo ta. Saura ke.

Ƙanenki, Isma'ila

Assaga

Isma'ila,

Bayan gaisuwa. Ka san Nazifa kaɗai ta rage mini tun da aka koro mu daga garinmu. Na yi fushi da kai, har na ce ba zan amsa ba. Sai ita da kanta ta ce, "Inna, in na je zan daina ciwon?" Na ce zai ragu. Ta ce, "To, kai ni."

Ran kasuwa muna tafe. Ka nemo mana ranar kotu. Da ƙafata zan shiga in sa hannu.

Hawa

Diffa

Yaya,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Sanyi ya wuce, sau ɗaya kawai aka kwantar da Nazifa, kuma ba ta daɗe ba. Tana shan maganinta, har kumatu ta yi.

Jiya muka kai ta lakwal, wato makarantar boko. Malam ya tambayi sunan uwarta, sai ta kalli Maryamu. Maryamu ta ce, "Malam, rubuta Hawa."

Ki huta lafiya.

Ƙanenki, Isma'ila