Layin da Ya Hana Ni Bikin Rahina

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba, ya mutanen Adabka? Ina lafiya a Fatakwal, sai dai bikin Rahina ba da ni ba.

Layin sadarwar da ke haɗa kwamfutocin ofishinmu da na Warri ya mutu, oga ya ce ba mai tafiya sai ya tashi. Na buga umarni a baƙin allon kwamfuta, na ga na'urori biyun da ke riƙe da layin, tamu da ta Warri, kowace tana jiran ɗayar ta fara ba da lokacin aika saƙo, kamar mata biyu kan turmi. Na gaya wa injiniyanmu, ya ce aji nawa na yi? Kwana tara yana canza waya mai lafiya. Abin takaici!

Umarni ɗaya ne gyaran, amma injiniyan kaɗai ke da izinin bugawa. Ki ba Rahina haƙuri.

Ɗanki,
Muttaka