Kwaɗon 'Yata Ya Ƙi Girma

Doña Zoila, ki taimake ni. Maigidana Eleuterio lafiyarsa lau, tsohuwata na fama da gwiwa, ni kuwa raina a ɓace yake. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na haura arba'in na fara riƙe biro.

'Yata Yesenia ta tafi karatu birnin Lima, ta bar min kwaɗinta biyu a akwatin gilashi, irin masu dafin nan ja da shuɗi. Wajen mai kiwo ta saye su, kansu ɗaya. Yau wata takwas, ɗaya ya yi ɓul-ɓul, ɗayan bai fi farcena ba, kullum yana maƙale ƙarƙashin ganye. Ban taɓa fashin zuba musu ƙudajen ayaba ba. Sai jiya na iya karanta ƙarshen takardar da ta bar min, wai a riƙa barbaɗa wa ƙudajen farin garin da ke cikin gwangwani. Ni da na ɗauka maganin kyankyaso ne, na jefa shi saman kabad! Yarinyar nan ta san harafi ɗai-ɗai nake bi, amma ta yi min rubutun likita. Ga maƙwabciyata Ofelia, duk ta leƙo sai ta ce wai kwaɗon ma azumi na sa shi.

So nake Eleuterio ya kamo min mai kama da shi a gonar koko in musanya, kada Yesenia ta ce jahilcin uwarta ya nakasa mata dabba. Za ta zo bikin San Juan da muke yi ran ashirin da huɗu ga Yuni. Ki amsa min kafin ashirin ga Yuni.

Uwa Mai Takaici, Tarapoto

Amsar Doña Zoila: 'Yar'uwa, kada a taɓa kwaɗon gona. Dafinsa na gaske ne, daga tururuwar daji yake samunsa, na kiwo ba su da shi. Zai iya shigo da cuta, kuma Yesenia ta san zanen bayan nata, kallo ɗaya za ta gane.

Ki raba su yau, da alama babban ne ke cinye abincin. Ki sauko da farin garin nan daga kabad, na ƙarfin ƙashi ne. Mace kan fi namiji jiki, amma in ƙaramin yana ramewa, ki kai wa mai kiwon ya duba.

Kin yi gaskiya, Yesenia ba ta kyauta ba. Ke ma kunya ta hana ki tambaya. Ki kira ta kafin ta taso, ki faɗa mata komai. Matar da ta yi wata takwas tana kokawa da takarda har ta karanta ta ba jahila ba ce. Allah ya ba tsohuwa sauƙi, ya sa a yi biki lafiya.